Ƙanƙarar da Aka Ce Ba Ta Sauka Ba

Ni fa ba na son a yi min musu a kan abin da ya faɗo min a ka. Abin da aka ba ni labari, to, a yi ta musu, ba ruwana. Amma abin da ya bugi goshina har ya kumbura, na yi kwanaki ina shafa masa man zafi, wani ƙato ya zauna a kan tabarma ya ce bai faru ba? Shekaru sun ja, na ajiye alli na yi ritaya, gwiwa ma ta fara ƙin tashi, amma duk ranar da hadari ya haɗo ya yi baƙin nan mai ratsin kore, sai maganar ta dawo min sabuwa fil, in ji raina yana tafasa.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai mutanen kirki a cikinsa, waɗanda ba na kirkin ba kuwa sun san kansu. Gidana yana Birnin Kudu, sai na kama ɗaki a ƙauyen wurin wata tsohuwa, in yi kwanakin aiki a can, in koma gida ƙarshen mako. Daga makaranta zuwa bakin titi tafiya ce mai ɗan nisa a ƙasa. Hanyar tana ratsa gonaki, ta bi ta gefen wata ruga.

Rugar ta wani dattijo ce da kowa yake ce wa Baffa, da matarsa da muke ce wa Inna. Sunan ruga ne kawai ya rage mata, don ɗakunan ƙasa ne da rumbu da rijiya. Fulatanci ma sai in za a kira shanu ko za a yi wa jika faɗa. Mahaifin Baffa ne ya fara zuwa wurin, ya roƙi mazauni a hannun mahaifin wani Alhaji na ƙauyen. Aka nuna masa wani fako a bakin gona, wurin da ko ƙaya ba ta son fitowa, aka yi magana ta baki irin ta mutanen da: ku zauna, da rani shanunku su kwana a gonata su bar min taki. A haka aka zauna shekara da shekaru. Tsofaffin biyu suka rasu, Baffa ya gaji shanu, Alhaji ya gaji gona. Fakon nan kuwa, saboda kwanan shanu, ya koma baƙar ƙasa mai laushi, wadda in ka yar da ƙwallon goruba ma sai ya tsiro. Inna ta dasa mangwaro, ta yi shingen zogale. Iyayen Baffa suna kwance a maƙabartar ƙauyen, jikokinsa suna ajina.

Duk sanda na wuce sai Inna ta tare ni. "Malama, ba ki isa ki wuce ni ba ki sha ruwa ba." Ruwan nata kuwa kindirmo ne da fura a ƙwarya. Tana tsokanata wai boko ya busar da ni, ni kuma ina ce mata ita nono ya hana ta tsufa.

Ranar da abin ya faru, damina ta kankama, masara ta kai ƙugu. An tashi daga makaranta, na ɗauki jakata na kama hanyar titi. Tun hantsi ake wani irin zafi mai ɗanko, iska ta tsaya cik. Ina isa gonar Alhaji na ɗaga kai, sai na ga hadari daga gabas ya tashi tsaye, ya yi tsiri sama, gindinsa baƙi ƙirin. Wata iska mai sanyi ta bugo ni, irin wadda ba ta dace da wannan zafin ba. Na ce a raina yau akwai magana. Ban kai rugar ba na ji ƙwas a goshina. Na ɗauka wani ɗan banza ne ya harbo ni da danƙo, har na juya zan zage shi, sai na ga abin yana tsalle a ƙasa, fari fat.

Inna ce ta fizgo ni cikin ɗaki. Innalillahi! Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Wani gefen rufin ɗakin kwano ne, sai ka ce an tara maƙeran duniya a kansa. Muna magana ba ma jin juna. Ta ƙofa nake hango tsakar gida tana fari, ƙanƙara tana sauka tana tsalle, ƙanana kamar gujiya, manya kamar ƙwan zabo. Ƙwaryar da Inna ta kife a kan turmi ta tsage biyu a kan idona. Shanu suka haukace da kuka. Biyu daga cikinsu suka tsinke igiya suka ruga gindin wata tsamiya da take bakin gonar Alhaji, suka tsaya a nan suna rawar jiki. Baffa ya kifa kwando a ka ya bi su, ya jawo su ya ɗaure. Wannan na gani da idona, kuma ba su wuce gindin tsamiyar nan ba.

Ba a daɗe ba ƙanƙarar ta ɗauke, ruwa ya biyo baya kamar da bakin ƙwarya, shi ma ya wuce. Inna ba ta tsaya duba ɓarna ba. Ta suri kwanon sha ta fita da gudu, tana kiran surukarta. "Ku tsinta, ku tsinta kafin ta narke!" A yankin nan mata ba sa wasa da ruwan ƙanƙara. Ana tsintar ta a narkar a zuba a kwalba a ɓoye, saboda ƙurajen zafi na yara, da ƙuna, da zazzaɓin fitar haƙori. Ni dai ban taɓa rantsewa cewa tana magani ba, kullum ina ce musu a kai yaro asibiti. Amma ranar na tattare zani na shiga tsinta, yatsuna suna ƙandarewa.

Na ɗauki wata babba na ce Inna ta ba ni wuƙa. Ta ce, "Malama, yanka ta za ki yi mu ci da yaji?" Na ɗora ta a kan turmi na buga ta rabe biyu. Muka haɗa kai muna kallo. Cikinta zobe ne a kan zobe, kamar an yanka albasa, wani fari kamar nono, wani garau kamar gilashi, a tsakiya kuma 'yar ƙwayar da aka fara da ita. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na yi shekaru ina zana wannan a allo daga littafi, ban taɓa riƙe shi a hannuna ba sai ranar.

Na yi wa Inna bayani yadda nake yi wa yara. Cikin hadari mai tsiri irin wannan akwai iska mai ƙarfi da take hawa sama. Ita take ɗaukar ɗigon ruwa ta kai shi can ƙololuwa, inda sanyi ya fi na firji, ya daskare. Ba ya faɗowa nan da nan, don iskar tana riƙe da shi, tana yawo da shi cikin hadarin. Duk inda ya bi, wani ruwan ya manne masa ya daskare, ya ƙara riga a kan riga. Inda ruwan ya daskare da sauri, iska ta maƙale a ciki, zoben ya fito fari. Inda ya daskare a hankali, ya fito garau. Sai ya yi nauyin da iskar ba za ta iya riƙe shi ba, sannan ta sake shi. Inna ta juya ɓarin a tafin hannunta ta ce, "Ikon Allah. Ashe ta sha wahala kafin ta zo ta fasa min ƙwarya."

Sai da muka gama dariya muka fita muka ga abin da ba na dariya ba. 'Yar gonar Baffa ta bayan ɗaki ta zama tsumma. Ganyen zogale ya zube ƙasa tas. Gonar Alhaji kuwa, rabinta na wajen rugar ya kwanta, ganyen masara ya tsattsage siri-siri yana reto, karare sun ƙuje ta gefe ɗaya. Ɗaya rabin, na wajen gari, yana tsaye kore shar, ko ganye ɗaya bai yage ba. Ana iya tsayawa a ga layin da ƙanƙarar ta bi, ta ratsa gonar ta wuce daji. Baffa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ya mayar wa Alhaji da alheri." Gonar wani ya fara yi wa addu'a kafin tasa. Inna ta cika min wata 'yar kwalbar turare da ruwan ƙanƙarar, ta ce in ajiye wa jikokina. Na sa a lalitata na wuce titi, na sami mota zuwa Birnin Kudu.

Da na dawo farkon mako, tun a bakin titi mai acaɓa ya tare ni da labari. "Malama, ba ki ji ba? Shanun Baffa sun cinye gonar Alhaji. Yau za a zauna a ƙofar mai unguwa."

Na ce, "Shanun wa?"

Ya ce, "Haka dai ake cewa." Ya kawar da kai yana gyara madubi.

Ban shiga aji ba ranar. Na ajiye jakata wurin hedimasta, na ce masa ya riƙe min yaran. Ya ce, "Malama, ki bi a hankali, ba maganarmu ba ce." Na ce masa goshina ne, maganata ce.

A ƙauyen ba a ga ƙanƙara ba, wannan gaskiya ne. Ruwa kawai aka yi musu da iska. Kafin kowa ya taka zuwa gona, ta narke ta shige ƙasa. Abin da ya rage sai masara a kwance da sawun shanu a gindin tsamiya. Alhaji ya riƙe wannan sawun gam. Na iske maza sun cika tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, Alhaji a zaune cikin babbar riga yana jan carbi, Baffa a durƙushe a gefe da sandarsa a ƙasa, kamar wanda aka kama da akuyar sata. Mutumin da furfurarsa ta fi ta kowa a wurin! Na yi sallama na tsaya daga gefe. Aka juyo ana kallona, don mace ba ta saba zuwa nan ba sai an kira ta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina rugar lokacin da abin ya faru. Ƙanƙara ce. Ga shaidarta a goshina."

Mai unguwa mutum ne mai sanyin murya. Ya ce, "Malama, mun ji, Baffa ma haka ya ce. To amma mu da muke cikin gari ko ɗaya ba mu gani ba. Yaya za a yi ta sauka a can ta ƙi sauka a nan? Kuma yaya za ta ci rabin gona ta bar rabi?"

Tambaya ce mai kyau, na kuma ji daɗinta, don na ɗauka amsa ake nema. Na gyara tsayuwa na yi bayani tiryan-tiryan. Na ce ba duk hadarin ne yake haifar da ƙanƙara ba, wani ɓangare ne kawai, inda iskar nan mai hawa sama take. A ƙarƙashinsa kaɗai take zuba, hadarin yana tafiya tana binsa, shi ya sa take yin layi siriri. Mutum zai iya tsayawa a nan ruwa yana dukansa, ɗan'uwansa yana can gaba kaɗan ƙanƙara tana fasa masa kai. Na faɗi maganar zobe, na faɗi maganar riga a kan riga.

Wani daga cikin mutanen Alhaji ya ce, "Wato ƙanƙarar Malama har riga take sakawa." Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Kuma ta san iyakar gonar Alhaji, ta yi karatun boko." Aka sake kwashewa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ɗago kai a hankali ya ce, "Malama, in ta sauka, a kawo ta mu gani."

A kawo ta! Ku ji min magana. Abin da ko a tafin hannu ba ya jiran ka gama salati, shi za a kawo bayan kwanaki. Amma na tuna da kwalbar, tana cikin lalitata, na ciro na ɗaga. Na ce ga ruwanta, Inna ce ta tsinta ta ba ni. Alhaji ya karɓa, ya ɗaga ta wajen rana, ya girgiza, ya miƙo min. Ya ce, "Ruwa ne. Akwai irinsa a randar gidana."

Abin da ya fi ƙona min rai ba dariyar ba ce. A makarantar nan tasu, shekara nawa ina koya wa 'ya'yansu dusar ƙanƙara? Akwai hotonta a littafi, 'yar mitsitsiya mai hannuwa shida kamar an yi mata zanen hula. Ina gaya musu tururin ruwa ne yake daskarewa a jikin 'yar ƙwayar ƙura a can sama, ya yi ta fitar da rassa, ya sauko a hankali ba ya fasa ko ƙwai. Ni ban taɓa ganinta ba, su ba su taɓa ba, kakanninmu ba su taɓa ba. Ba uban da ya taɓa zuwa ya ce Malama ƙarya kike, kawo ta mu gani. Sai wadda ta sauka a ƙasarsu, ta kashe musu tsuntsaye a gindin bishiya, ita ce ta zama tatsuniya.

Kuma kada wani ya ce min ba su sani ba. Manoma ne fa, tun suna goye ake kai su gona. Wane manomi ne bai san ɓarnar saniya ba? Saniya naɗe ganye take da harshe ta fizge ta haɗiye, ta bar kututture da kashi da sawu ko'ina. A gonar nan ganyen yana nan a jikin kara, a tsattsage, ba wanda ya ci shi. Na ce a tashi a je a duba. Aka ce ai an riga an je. Wani tsoho da yake cikin waɗanda suka je, na dube shi ido cikin ido na ce, "Baba, kai ma shanu ka gani?" Ya sunkuyar da kai yana tsinkar zaren tabarma. Na san dalili. A duk ƙauyen motar Alhaji ce kaɗai take ɗaukar mai naƙuda ko mara lafiya zuwa Birnin Kudu. Kowa yana da mace, kowa yana da yaro.

Nan fa na kasa riƙe bakina. Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ba masararka ce ta dame ka ba. Makwantar shanun nan kake so, tun da ta yi baƙi idonka yake kanta. Ka fito ka ce ka fasa alkawarin mahaifinka, kowa ya ji, amma kada ka ɗora wa dabba abin da sama ta yi."

Wurin ya kaure. Wani yana cewa a fitar da ita, wani yana cewa baƙuwa ce ba ta san gari ba. Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, kin faɗi naki, a koma makaranta." Har gobe ban ga abin da na faɗa wanda ba daidai ba.

Hukuncin da aka yanke, wai shi ne sulhu. Ba za a karɓi ko ɗan maraƙi daga Baffa ba, saboda zumuncin iyaye. Amma tunda zama ya fara kawo ɓarna, in damina ta wuce su nemi wani wuri. Har da masu cewa Alhaji ya yi halin girma. Halin girma! An kore ka daga gidan da aka haife ka, sannan a ce ka yi godiya. Baffa kuwa ya yi godiyar. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ga abin da ya sauka."

Na je wurin Inna da yamma ina huci, ina cewa a kai maganar gaba, ni zan tsaya. Ta ce, "Malama, in an ci nasara ma, da wa za mu zauna? Wa zai sayi nonona? Wa zai bi gawarmu?" Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Tana ta tsince ganyen zogalen da ya bushe a ƙasa tana zubawa a faifai, wai kada ya lalace a banza.

Da kaka suka tashi. Suka kwance kwanon ɗaki, suka ɗora kaya a amalanke, suka nufi wajen Fagam inda Baffa yake da dangi. Jikokinsu suka bar ajina a tsakiyar zangon karatu, wurin zamansu ya zauna fayau. Kafin su tafi Baffa ya je maƙabarta shi kaɗai ya daɗe. Mangwaro da rijiya ba sa hawa amalanke, aka bar su a nan. Ba a yi wata guda ba na ga an rushe ɗakunan an baje ƙasar.

Damina ta zagayo, Alhaji ya shuka masara a makwantar shanun. Kai, masara ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ta fi tsayin mutum, ganyenta har baƙi-baƙi yake. Duk ƙarshen mako sai na bi ta gefenta, don ba wata hanyar zuwa titi, ina tafe ina tsaki ni kaɗai kamar mahaukaciya. Sau ɗaya na haɗu da Inna a kasuwar Gwaram, ta rame, tana zaune a layin masu nono. Muka rungume juna. Ba ta tambaye ni Alhaji ba, ba ta tambaye ni mai unguwa ba. Cewa ta yi, "Mangwarona ya yi 'ya'ya bana?" Na ce ya yi. Ban gaya mata yaran gidan Alhaji ne suke kai shi bakin titi a tire ba.

Bayan nan, da bazara, ana tsananin zafi, ina zaune a ƙofar ɗakina bayan la'asar ina fifita, sai ga sallama. Hajiya ce, matar Alhaji, da kanta, cikin mayafi. Ba ta taɓa taka ɗakina ba. Muka gaisa, na shimfiɗa mata tabarma. Ta yi ta kewaye-kewaye, yaya makaranta, yaya mutanen Birnin Kudu, sannan ta sauke murya.

"Malama, jikana ne ƙuraje suka feso masa, duk jiki, ba ya barci. An ce kina da ruwan ƙanƙara."

Na ajiye maficin. Na ce, "Wace ƙanƙara, Hajiya?"

Ta ce, "Ta waccan daminar mana, wadda ta sauka a gonarmu ta..." Sai ta katse maganar, ta kama bakin mayafinta.

A gonarmu! Da bakinta. Na zauna ina kallonta, kunnuwana suna zafi. Ashe har cikin gidan an sani. Ashe a tsakar gida sunanta ƙanƙara, sai an fito ƙofar gida take zama shanu. Na so in ce mata ta je ta ɗebo a randar gidansu, tunda maigidan ya ce akwai irinsa. Maganar ta zo har bakina. Amma yaro ba shi ya kori kowa ba.

Na ce, "Hajiya, ki kai shi asibiti gobe da safe, motar ai taku ce. Ruwan kuma zan bayar. Amma ba a nan ba. Ki koma gida, ina zuwa."

Na buɗe akwati na ciro kwalbar, tana nan yadda Inna ta toshe bakinta da tsumma. Na yafa gyale na nufi ƙofar gidan Alhaji. Lokacin ne maza suke zaman jiran magariba a dakalinsa. Allah da ikonsa, kusan duk suna nan: mai unguwa, da mai maganar riga, da mai maganar boko, da tsohon nan mai tsinkar tabarma. Na yi sallama da ƙarfi yadda na cikin zaure ma zai ji. Na tsaya a gaban Alhaji na ɗaga kwalbar, kamar yadda na ɗaga ta a wancan zaman.

Na ce, "Alhaji, ka gane ta? Iyalinka ta zo neman ruwan ƙanƙarar da ta sauka a gonarku, za a shafa wa jikanka. Matar da ka kora ce ta tsince ta da hannunta. In ƙanƙara ta sauka, ga shi, ka karɓa. In kuma shanu ne, ka faɗa a gaban mutanen nan in zubar a ƙasa yanzu, don ba a shafa wa yaro ruwan randa."

Na cire tsumman, na karkata bakin kwalbar.

Ba wanda ya yi dariya. Mai unguwa ya sami abin kallo a farcen ƙafarsa. Daga cikin gida ana jiyo kukan yaron, siriri, irin na wanda ya gaji da kuka. Carbin Alhaji ya tsaya a hannunsa. Ɗigo ɗaya ya faɗi a ƙasa tsakaninmu, ƙasar ta shanye.

Ya miƙo hannu biyu da sauri ya tare bakin kwalbar. Ya ce, "Kada ki zubar, Malama."

Na sakar masa. Ya riƙe ta a ƙirji, ya tashi ya shige gida, ya bar takalmansa a wurin. Na juya na dubi sauran ɗaya bayan ɗaya, ina jira ko mutum ɗaya zai buɗe baki ya ce a aika Fagam a kira Baffa. Na tsaya har aka kira salla. Suka tashi suka kakkaɓe riguna, kowa ya nemi butarsa.